Kebul ko rifita: wanne zai gyara kwamfutar da ke jan ƙafa?

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da za ka saya don intanet ya daina jan ƙafa a kwamfutarka. Tunda wayoyin hannu na gidan suna gudu lafiya a kan Wi-Fi, kwamfutar ɗaki ce kaɗai ke jan ƙafa, laifin ba na kamfanin layi ba ne. Tsakanin rifita (na'urar da ke karɓar siginar Wi-Fi ta sake yaɗa ta) da kebul ɗin LAN (wayar da ke haɗa kwamfuta kai tsaye da rauta, akwatin da ke raba intanet a gida) da ka ambata, sayi kebul.

Amma kafin ka taɓa aljihu, danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka duba layin Network ka ga ko wani abu na shanye intanet ɗin. Sau da yawa Windows ce ke sauke sabuntawa a ɓoye, ko OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta intanet, na loda fayiloli. Idan ba komai, ajiye waya kusa da kwamfutar, ka buɗe fast.com, shafin gwada saurin intanet, a kan su biyun. Waya ta kawo 30 Mbps (ma'aunin saurin intanet), kwamfuta ta kawo 4? To laifin katin Wi-Fi na kwamfutar ne. Tsofaffin katuna 2.4 GHz kawai suke kamawa, zangon da rautocin maƙwabta da Bluetooth suka cunkushe, ga bangon bulo na cinye sigina.

Kebul ba ruwansa da duk wannan. Kebul nau'in Cat5e ko Cat6 na ɗaukar 1,000 Mbps har tsawon mita 100, ko bango nawa ya ratsa. Auna nisan daga rauta zuwa tebur ta bin gefen bango, ka ƙara mita biyu, a matse maka kan RJ45 (kan robar da ake jonawa a ramin rauta da na kwamfuta) a ɓangarorin biyu da jerin launi iri ɗaya. Kada ka jera shi manne da wayar wuta, kada ƙofa ta riƙa danne shi. Bayan ka jona, shiga Settings ka duba saurin haɗin Ethernet, wato na kebul. Idan ka ga 100 maimakon 1,000 alhali rautar da kwamfutar duk na gigabit ne (masu ɗaukar 1,000 ɗin), ɗaya daga cikin siraran wayoyi takwas na ciki bai zauna a kan ba. Gigabit sai da takwas ɗin, 100 kuwa huɗu sun ishe shi, shi ya sa intanet ke zuwa amma a rage. A yanke kan a sake matsewa, shi ke nan.

Rifita kuwa, to, tana ƙara sandunan sigina a allo. Mai rediyo ɗaya karɓa take ta sake turawa a tasha guda, saurin ya ragu kusan rabi, kuma katin kwamfutarka na nan yadda yake.

Sai ka yi hattara a kasuwa. Akwai kebul da aka rubuta wa Cat6 a jiki, cikinsa alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Sa a feɗe maka ɗan guntu ka kankare da reza: in fari ya bayyana, ajiye musu kayansu. Irinsa saurin karyewa gare shi a bakin kai, bayan wata biyu ka dawo da kukan da ka zo da shi. Mai gwada kebul a gabanka da na'urar gwaji, fitilu takwas su kama a jere, wurinsa za ka saya.

Idan ƙaramar MiFi ce a gidan (rautar aljihu mai aiki da SIM), wadda ba ta da ramin LAN, nemi adaftar Wi-Fi ta USB mai kama zangon 5 GHz, in MiFi ɗin na bayar da shi. Haɗa ta da ɗan kebul na ƙari ka ɗaga ta sama, kada ta maƙale a bayan akwatin ƙarfen kwamfutar.