Tocila uku da lambobin da ke jikin kwalinsu

Aikina wayarin ne da gyaran wuta, kuma rabin aikin a cikin duhu nake yin sa: cikin silin, bayan akwatin fis, ko gidan da aka kira ni bayan magariba saboda wuta ta ƙi zama. Shi ya sa a wurina tocila kayan aiki ce kamar filaya da sukundireba. Uku nake da su yanzu: wata ta kasuwa marar suna mai zuƙo haske, Wurkkos FC11C, da Fenix PD35 V3.0 wadda yayana ya saya don gonarsa, nake arowa in ta kama.

Ta kasuwar, an rubuta mata lumen 100,000 a kwali. Lumen shi ne ma'aunin dukan hasken da ke fita daga bakin tocila. Akwai tocilar da take ba da lumen 100,000 da gaske, Imalent MS18, amma ita ƙwayoyin LED 18 gare ta, da fanka a ciki don kada ta ƙone, nauyinta kuma ya kusa kilo 2. Tawa ta kasuwa ƙwaya ɗaya tak gare ta, irin wadda suke rubuta wa T6. Ko ta ainihi ce daga kamfanin Cree, iyakar ƙarfinta bai wuce lumen 1,000 da 'yan kai ba, balle kwaikwayo. Batirin da ya zo da ita ma an rubuta masa 9,900mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, alhali batir ƙirar 18650, mai kauri milimita 18 da tsawo 65, na kirki a cikinsu a wajen 3,500mAh yake tsayawa. In ka riƙe shi a hannu ka riƙe na ainihi, rashin nauyinsa kaɗai zai gaya maka labari. Ba na cewa ba ta haskawa. Tana haska tsakar gida, yara na yin karatu da ita, kuma kuɗinta bai kai a yi kuka ba. Lambar dai ƙarya ce.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne lambobin kamfanonin da ba sa ƙarya, domin su ma sai ka san yadda ake karanta su. Tun 2009 akwai ƙa'idar awo da ake kira ANSI FL1, wadda masu ƙera tocila na ƙwarai suke bi. A ƙa'idar, ana auna lumen ne daga daƙiƙa 30 bayan an kunna, da batir cike. Wato in ka ga 1,700 a kwali, ƙarfin farkon kunnawa ke nan. Bayan 'yan mintoci jikin tocilar zai yi zafi, na'urar cikinta ta rage hasken da kanta don kada ƙwayar ta lalace. Ƙaramar tocila mai batir 18650 guda ɗaya, abin da za ta iya riƙewa na dogon lokaci bai cika wuce lumen 500 ba, ko wane suna ke jikinta. A watan Afrilu kuwa, in ka shiga silin ƙarƙashin kwano da rana, ragewar ta fi sauri, don iskar da za ta sanyaya ƙarfen ma zafi gare ta. Haka awannin daɗewar batir da ake rubutawa: ana ƙirgawa ne har sai hasken ya sauko zuwa kashi 10 cikin 100 na farkonsa. Nisan haske kuma ana auna shi zuwa inda ya rage kamar na farin wata. Saboda haka in an ce mita 300, ka sa rai za ka gane abu sosai a wajen rabin haka.

Sai maganar sabon samfuri. PD35 ta fara fitowa da lumen 850, V2.0 ta zo da 1,000, V3.0 ta haura zuwa 1,700. Mai saye zai ga kamar haske ya ninka. Ido ba haka yake lissafi ba: sai ka ninka lumen kusan sau huɗu kafin ido ya ce ya ga ninki biyu. Abin da ya canza da gaske a V3.0 ƙwayar ce, Luminus SFT40, wadda ba ta da ƙoƙon roba a samanta, sai hasken ya taru wuri ɗaya ya tafi nesa, mita 357 a takarda. Wannan tarawar ita ake aunawa da kandela. Lumen kamar yawan ruwan da ke fita daga tiyo ne, kandela kuwa yadda ka matse bakin tiyon da babban yatsa. Ga yayana mai son ya tsaya bakin bukka ya hango ƙarshen gona, ya san ko shanu ne suka shigo ko mutum, wannan ita ce tocilarsa, kuma ban ga laifinsa ba. Jikinta da ƙwari, maɓallin kunnawa a gindi yake, ka lalubo shi ko a duhu ba tare da neme-neme ba. Ni kuwa a cikin silin kashe min ido take yi. Farin ɗigo ne mai ƙarfi a tsakiya, in ya bugi farin bututun waya ya dawo maka, sai ka ɗauki ɗan lokaci kana ganin taurari. Kuɗinta wajen dala 80 ne kafin kuɗin kawowa, kuma da yadda canji yake yanzu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

FC11C ita ce kullum a aljihuna, kuma abin dariya, a takarda baya ta ci. Tsohuwar FC11 lumen 1,300 ce, sabuwar 1,200. Wanda ke bin lamba zai ce an cuce shi. Amma tsohuwar, yadda aka ƙera ta, haskenta na bin ƙarfin batir ne, yana raguwa tana dusashewa a hankali. Sabuwar an sa mata na'urar daidaita wuta, in ka ajiye ta a matsakaicin mataki haka za ta tsaya cak har batir ya kusa ƙarewa. Ga mai aikin awa biyu a gaban akwatin fis, wannan ya fi lumen 100 da aka rage nesa ba kusa ba.

Ƙwayarta Nichia 519A ce, mai fitar da launi yadda yake, sama da 90 a ma'aunin da iyakarsa 100. A nan ne nake so abokan sana'a su saurare ni. Gidajenmu cike suke da waya iri biyu, tsohon tsari ja da baƙi, sabon tsari ruwan ƙasa da shuɗi, wani gidan ma an haɗa duka biyun a akwati ɗaya, ƙura ta shekara da shekaru ta lulluɓe su. Ƙarƙashin farin haske mai shuɗi-shuɗi irin na tocilar kasuwa, ja mai ƙura da ruwan ƙasa ɗaya suke, baƙi da shuɗi mai duhu ma haka. Da wannan kuwa kowace waya da kamanninta. Ba wai na daina sa testa ba, Allah ya kiyaye, amma aikin ya fi sauri. Akwai maganaɗisu a gindinta, in manna ta a murfin akwatin hannuwana biyu su huta, na daina cizon tocila a baki. Cajinta da wayar USB-C ne, irin ta wayar hannu, don haka ko a shagon caji ko jikin sola sai a jona. Haskenta bajewa yake yi, bai wuce wajen mita 150 ba, kada wanda ke gadin fili ya saye ta ya zo yana zagina. Ana samunta wajen dala 30 tare da batirinta.

Yaron shagona ya tambaye ni wacce zai saya da kuɗin da ya tara. Na ce masa in wayarin zai ci gaba da koya, ya ɗauki FC11C, sauran canjin ya ƙara batir 18650 guda na ainihi, na Samsung ko Molicel, daga hannun wanda zai bari a gwada a gabansa. In kuma gadi ko gona ne, ya duba kandela da mita kafin ya duba lumen. Ta kasuwar na bar wa uwargida a kicin, bayan na cire batirin da ya zo da ita na sa mata wani, don ban yarda in bar wancan a jikin caji cikin dare ba.