Wake, awara, gyaɗa ko ƙwai: me za a sa a cefane idan an rage nama?

Masu rage nama iri biyu ne: wanda likita ya ce ya sassauta saboda hawan jini ko ƙiba, da wanda tsada ta tilasta masa. Dukansu tambayarsu ɗaya ce idan sun shiga kasuwa, wato me zai maye gurbin naman a tukunya.

Gargaɗin likitoci yana da tushe. A 2015 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa naman da aka sarrafa don ajiya cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanji, ya kuma ce akwai yiwuwar jan nama ma yana jawowa. Shawarar masana ita ce kada dafaffen jan nama ya wuce giram 500 a mako. A wurinmu wannan ya fi shafar mai cin tsire da balangu kowane dare.

Ni dai wake zan fara saya. Kusan kashi 24 cikin 100 na busasshen wake sinadarin gina jiki ne, yana riƙe ciki, ba ya ɗaga sukarin jini da sauri, kuma babu kitsen da ke cikin naman shanu. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noma shi, Nijar na biye, don haka daga Dawanau har kasuwar ƙauye ba a rasa shi. Inda matsalar take wajen ajiya ne. Wasu 'yan kasuwa suna zuba maganin ƙwari a buhu don gudun ƙwaro, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ka ɗebi tafi guda ka sunsuna. In ka ji warin magani, ko ka ga gari-gari ya manne a hannunka, ka wuce gaba. Waken da ƙwaro ya ɗan huda ya fi mini wanda aka yi wa wanka da guba. Mai sayen buhu da kaka ya nemi buhun PICS mai ninki uku, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar toshe iska. Wajen girki kuma a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan. Zai nuna da wuri, ya rage kumburin ciki, a huta da zuba kanwa mai yawa, wadda ke lalata wasu bitamin.

Waken suya ya fi wake ƙarfi, don sinadarin gina jikinsa ya haura kashi 35 cikin 100, kuma awara ce ta fi kama da nama a miya. Aibinta man suya ne. Awarar bakin titi da aka soya a man da ya yi baƙi ba ta da amfani ga mai gudun ƙiba. Gara a sayi ɗanya wurin mai yin da aka yarda da tsaftarta, a yanka a jefa cikin miya, a kuma cinye a ranar don saurin tsami take yi.

Gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna da arha, kuma kwaɗon zogale ko rama da ƙuli abinci ne sosai. Sai dai gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lahanta hanta, wadda suya ba ta kawar da ita. Duk ƙwayar da ta yamutse, ta canja launi ko take ɗaci, a tsince a zubar.

Ta fuskar muhalli ma wake ya yi gaba. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwo ne ke fitar da kashi 14.5 cikin 100 na iska mai ɗumama duniya da ayyukan ɗan Adam ke jawowa, kuma shanu ne kan gaba. Wake kuwa saiwarsa ƙara wa ƙasa ƙarfi take, harawarsa ta ciyar da awaki. Amma ba na ɗora wa makiyayin Sahel laifin manyan gonakin shanu na Amurka da Barazil, don yawancin dajin da yake kiwo ba ya nomuwa, kuma kashin dabbobinsa ne takin manomi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanke abincin dabba gaba ɗaya, musamman ga yara da masu ciki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Bitamin B12 kuma, wanda jiki ke buƙata wajen yin jini, babu shi a wake, gyaɗa ko zogale. Saboda haka kuɗin da aka rage daga nama, a ware wani abu a sayi ƙwai, busasshen kifi da nono. Ƙwai ka jefa shi a ruwa, in ya taso sama ya tsufa. Busasshen kifi a sunsuna shi kamar wake, don shi ma ana fesa masa magani. Ranar da aka ci wake a haɗa da tumatir ko lemo domin jiki ya fi ɗaukar sinadarin ƙarin jini, a jinkirta shayi zuwa bayan awa ɗaya don yana rage ɗaukar sinadarin.