Injin 1HZ: ba ya sauri, amma yana kai ka gida

A garejojin Tawa, in hira ta zo kan injin da ake yarda da shi a hanyar Abalak zuwa Agadas ko ta Cintabaradan, da wuya a watse ba a ambaci 1HZ ba. Toyota ta fito da shi a 1990, kuma shi ne ke cikin Land Cruiser HZJ75, 78, 79 da 105, har da bas ɗin Coaster. Injin gazuwal ne mai fistan 6 a jere, girmansa cc 4,164, babu turbo, babu kwamfutar da ke sarrafa mai.

Gara a fara da aibinsa. Ƙarfinsa wajen doki 130 ne kawai, abin da ƙaramar motar gari ma ke bayarwa yau. In an yi wa Land Cruiser 79 lodi, wuce tirela sai da lissafi da haƙuri, mai GRJ79, wato samfurinta na isansi, kuwa sai dai ka hangi ƙurarsa. A kan kwalta yana shan wajen lita 12 zuwa 14 a kilomita 100, cikin yashi ya fi haka nesa.

To me ya sa ake rububinsa? Yana ba da cikakken jansa tun wajen juyi 2,200 a minti, kuma abin da yashi ke so ke nan. Famfon mansa na ƙarfe ne zalla, makaniken da ya san aikinsa zai kwance shi ya gyara ba tare da na'urar bincike ba. Injin gazuwal V8 na Toyota mai suna 1VD da ya zo a 2007 ya fi shi ƙarfi sosai, amma ruwa kaɗan cikin gazuwal ya isa ya lalata masa enjektoci, wato masu fesa mai cikin inji, masu tsadar gaske.

Zafi shi ne babban maƙiyinsa. Kowane fistan yana da ɗan ɗakin ƙona mai a cikin kulas, wato kan inji, a nan zafi ke taruwa. In radiyata ta toshe da laka, ko kulocin fanka ya saki, sai allurar zafi ta hau a watan Afrilu ko Mayu, juwan kulas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kulas da jikin inji, ya ƙone, wani lokaci kulas ɗin kansa ya tsage. Gwajin fanka ba wuya: inji ya yi zafi, a kashe shi, a juya fankar da hannu. In ta yi ta wulwulawa ba tirjiya, man silikon da ke cikinta ya ƙare. Kuma a daina zuba ruwan rijiya a radiyata, gishirinsa ne ke daskarewa ya toshe ƙananan bututu. Masu cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, wai don inji ya yi sanyi, ba gyara suka yi ba, ɓoye cutar suka yi.

Sai bel ɗin da ke juya sandar bawul, wanda makanikanmu ke ce wa kuruwa. A tsofaffin samfuri ana canza shi a kilomita 100,000, fitilar T-BELT da ke gaban direba ke tunatarwa. In ya tsinke inji na tafiya, fistan zai daki bawul, aikin ɗan lokaci ya koma buɗe inji. A canza shi tare da abin ɗaure shi, kar a yi rowa a nan.

Bidanji, wato canjin baƙin mai, kuwa duk kilomita 5,000 a ƙurarmu, da baƙin mai 15W-40 kimanin lita 10 da sabuwar filta. Filtar gazuwal tana da matarar ruwa a ƙasa: a sassauta murfinta, a tsiyaye ruwan, a danna ɗan famfon da ke sama har ya yi tauri. Mai sayen gazuwal a jarka a bakin hanya ya riƙa yin haka kowane mako. Tazarar bawul ana auna ta inji na sanyi, milimita 0.15 zuwa 0.25 a na shigar iska, 0.35 zuwa 0.45 a na fitar hayaƙi.

Wasu samari suna ɗora masa turbo. Motar tana farkawa, gaskiya ne, amma ba a ƙera fistocinsa don wannan zafin ba. In aka ƙara mai babu agogon auna zafin hayaƙi, fistan na tsagewa. Mai son turbo ya nemi 1HD-T, wanda da shi aka haife shi. (Akwai kuma ƙanen 1HZ, wato 1PZ, mai fistan 5, lita 3.5, da ƙara ta daban wadda masu sha'awa ke so, sai dai kayansa sun fi wuyar samu.)

Mai sayen na hannu kar ya yarda a tayar masa da shi kafin ya iso. Ya taɓa inji ya ji sanyi, sannan a kunna. In ya yi ta gardama da farin hayaƙi, ko bujin ɗumama sun mutu ko matsi ya ragu. Ya buɗe murfin baƙin mai inji na aiki: iska kaɗan ba komai, amma in yana huci kamar tukunya, sagma, wato zobban fistan, sun cinye. Kumfa mai tasowa a bakin radiyata kuwa alamar kulas ce, sai a rage kuɗin gyaransa daga farashi tun kafin a yi sallama.