Kwangilar layin waya a Ingila: tauraro biyu na basu

Gaskiya netwok ɗin kamfanin da na yi kwangilar layin waya da su ba laifi, a Manchester ban taɓa rasa sabis ba ko ina bidiyo kol da Hajiya a Kano. Amma kuɗin nan ya ƙona min rai wallahi. Na sa hannu a kwangilar wata 24 kan fam 30, kawai watan Afrilu 2023 sai naga bil ya haura fam 34, na kira su wata tace ai yana cikin sharuɗɗa, hauhawar farashi da ƙarin kashi 3.9, shekarar duka ƙarin ya kama kashi 14.4, kuma in zan fita sai na biya sauran watannin. Haba, a ƙananan rubutun da ko da tabarau da ƙyar kake gani!

Tun 17 ga Janairu 2025 Ofcom, hukumar kula da sadarwa ta Birtaniya, ta wajabta a rubuta ƙarin ƙarara da fam da fensa a sabuwar kwangila, don haka ɗan'uwa ka duba kafin ka sa hannu. Ni tawa na ƙarewa na tura kalmar PAC ta tes zuwa 65075 don karɓar kod ɗin canza kamfani ba tare da rasa lamba ba, na koma sim na wata-wata da lambata.