Manhajar Strata: ra'ayina kan lissafin girgizar ƙasa da take yi

Masu karatun injiniyan gine-gine da ke neman manhajar lissafin yadda ƙasar fili ke ƙara wa girgizar ƙasa ƙarfi, ku gwada Strata. Kyauta ce, ba wani lasisi da za ka saya, Albert Kottke da Farfesa Ellen Rathje na jami'ar Texas da ke Austin ne suka yi ta, littafin bayaninta ya fito tun 2008. Aikinta irin na tsohuwar manhajar SHAKE ne da aka yi a jami'ar Kalifoniya da ke Bakali (Berkeley) a 1972, ka ba ta kaurin kowane hawa na ƙasa, nauyinsa, da gudun da igiyar girgiza ke yi a cikinsa, ita kuma ta faɗa maka yadda motsin da ya taso daga dutsen ƙarƙashi zai kasance in ya iso sama.

Wanda yake ganin abin wasa ne ya duba abin da ya faru a birnin Meziko ranar 19 ga Satumba 1985. Cibiyar girgizar tana can gaɓar teku, fiye da kilomita 300 daga birnin, amma tsakiyar garin a kan lakar tsohon tafki yake, lakar nan ta ninka motsin wajen sau biyar a kan abin da aka auna a kan dutse a jami'ar birnin, tana kai da komo duk bayan sakan 2, benaye masu hawa 6 zuwa 15 su suka fi shan kashi.

To abin da ya sa na fi son Strata shi ne ba ta nuna kamar ta san ƙasar filinka. Ka haƙa rami biyu ko uku ka yi gwaji, shi ke nan wai ka san fili? Ai ƙasa ba miya ba ce da za ka ɗanɗana cokali ɗaya ka san gishirin tukunya gaba ɗaya. Ɗauki laka mai kaurin mita 30, in gudun igiya mita 200 ne a sakan, filin zai fi amsa motsi mai zagayen sakan 0.6, in kuwa 150 ne sai ya koma 0.8, wato haɗarin ya tashi daga bene mai hawa kusan 6 ya koma kan mai hawa 8, kuma irin wannan bambanci kana iya samunsa tsakanin rami da rami a fili ɗaya. Strata tana barinka ka ce mata ta canza gudun, kaurin hawa-hawan, zurfin dutsen, har da yadda ƙasar ke laushi in motsi ya yi ƙarfi, ta ƙirƙiro filaye ɗari ko fiye masu kama da naka ta lissafa kowanne. A ƙarshe maimakon layi ɗaya sai ka ga damin layuka a allo, da matsakaicinsu da faɗin bambancinsu. Wallahi ganin wannan damin kaɗai ya fi lacca uku.

Amma fa a kula da matsakaicin nan, nan ne mutane ke ruftawa. Kowane fili da ta ƙirƙira yana da ƙololuwarsa, wato inda motsin ya fi ƙarfi a layinsa, a wuri daban, in aka haɗa su sai ƙololuwar ta baje ta yi ƙasa, sai ka ga kamar filin ya fi lafiya alhali kai ne ka zuba canjin da yawa. Ni dai ina ajiye sakamakon filin asali kusa da matsakaicin in kwatanta, ban yarda da ɗaya shi kaɗai ba.

Sai maganar tushen alkaluman. Tsarin wani masani Toro na 1995 da Strata take canza gudun da shi, da layukan wani masanin Darendeli na 2001 na laushin ƙasa, an gina su ne galibi da gwajin ƙasar filayen Amurka, Darendeli ya haɗa da ta Taiwan. In kana aiki a kan jar ƙasa irin tamu, ko a Akara ta Ghana da ta sha girgiza a 1939, aro kake yi, ka rubuta hakan ƙarara a rahotonka kar ka ɓoye.

Strata tana ɗaukar cewa ƙasa a shimfiɗe take hawa-hawa, saboda haka bakin kwari ko gangare ba nata ba ne. In motsin ya yi tsanani sosai, ko kana tsoron yashi mai ruwa zai narke, koma manhajar DEEPSOIL ta jami'ar Ilinoyi. Fuskar Strata kuma tsohon yayi ce, komai da Turanci, amma shafukan a jere suke daga hagu zuwa dama, ɗalibi zai gane hanya da wuri, ƙaramar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Masu iya Python, yaren rubuta manhaja, akwai pyStrata mai aiki da shi.

Na ba Strata 4 cikin 5. Kuɗin da ka rage na lasisi ka ƙara shi a kan gwajin fili.