Ɓera, ƙuda, kifi ko tsutsa: wanne za ka saya don binciken cutar ƙwaƙwalwa?

Duk shekara idan lokacin fara aikin bincike ya yi, ɗaliban digiri na biyu da na uku kan shigo mini da takardar kasafi, kuma layin farko kusan iri ɗaya ne: ɓeran Wistar talatin, keji shida, buhun abinci biyu. In na tambayi ɗalibi me ya sa ɓera, amsar ba ta wuce, "Malam, ai shi kowa ke amfani da shi." Gaskiya ne shi aka saba da shi a jami'o'inmu, daga Zariya har Maiduguri. Sai dai kuɗin nan na ɗalibi ne, wani lokaci har da na mahaifinsa, kuma ran dabbar amana ne a hannunsa. Don haka kafin a biya ko kwabo ina so a amsa tambaya biyu: wane ɓangare na cutar kake son gani da idonka, kuma wace dabba ce ɗakinka zai iya riƙewa lafiya har ka gama?

Babu dabbar da ke kamuwa da cutar mantuwa ta Alzheimer ko ta karkarwa ta Parkinson ko otizim (matsalar cuɗanya da mutane da ke bayyana tun yarinta) sak yadda mutum ke kamuwa. Kowacce ɗan yanki take nuna maka. Wani nazari da ya bi gwaje-gwajen magungunan Alzheimer a jikin mutane daga 2002 zuwa 2012 ya samu kashi 99.6 cikin ɗari ba su kai labari ba, alhali da yawansu sun yi kyau a jikin ɓeraye. Ka riƙe wannan a ranka yayin da kake zaɓe.

Mu fara da babban ɓera, wanda Turawa ke kira rat, tunda shi ne a hannu. Asalin jinsin Wistar daga cibiyar Wistar ne a birnin Filadelfiya na Amurka, inda aka fara kiwonsa tun wajen 1906. Alherinsa a fili yake: ana samunsa a cikin ƙasa, yana da haƙurin riƙo, ƙwaƙwalwarsa tana da girman da za ka iya yi mata tiyata, ka yanka ta sala-sala ka duba, jininsa kuma ya isa gwaji. Cikinsa kwana 21 zuwa 23 ne. Yana da saurin koyo, shi ya sa gwajin tunawa a cikin bahon ruwa, wanda Richard Morris ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, da babban ɓera aka fara shi.

Inda ya fi burge ni shi ne cutar karkarwa ta Parkinson. Tun 1968 Urban Ungerstedt a Suwidin ya nuna cewa in aka zuba sinadarin 6-OHDA a gefe ɗaya na ƙwaƙwalwar ɓera, ƙwayoyin da ke samar da dofamin a wannan gefen sai su mutu; dofamin shi ne sinadarin da ke daidaita motsi, wanda ke ƙaranci a cutar Parkinson. Bayan mako biyu ko uku ka yi masa allurar afomofin, maganin da ke kwaikwayon aikin dofamin, ka sa shi a kwano mai faɗi, ka zauna da agogo. Za ka ga ya fara juyawa gefe guda, kamar mai neman kama jelarsa, kai kuwa kana ƙirga zagaye. In maganinka ya kare ƙwayoyin, zagayen zai ragu. Abu ne mai ƙirguwa, ba sai an yi gardama ba. Amma yana buƙatar na'urar da ke riƙe kan ɓera daram don allura ta sauka daidai wurin, da maganin sa barci mai kyau, da hannun da ya ƙware. In sashenku ba shi da wannan na'urar, kada ka rubuta wannan hanya a takardar neman izini.

Masu gudun tiyata sukan koma ga rotinon, gubar nan da ke cikin dangin magimfa da masunta ke zubawa a ruwa. A shekarar 2000 aka nuna yana kashe ƙwayoyin dofamin a ɓera. Yana da araha, sai dai ba shi da tabbas: wani ɓeran ya mutu tun kafin a kai ga awo, wani kuma ko gezau. Ka ƙara yawan dabbobi a lissafinka. Sinadarin MPTP kuwa, wanda aka gano illarsa a 1982 bayan wasu masu shan ƙwaya a Kalifoniya sun sandare cikin 'yan kwanaki, ba ya kama babban ɓera sosai. Ƙaramin ɓera (mouse a Turance) baƙi jinsin C57BL/6 yake kamawa, kuma haɗari ne ga mai riƙe da sirinjin kansa.

Ga mai binciken cututtukan da ke farawa tun daga ciki, akwai hanyar balfurowet, maganin farfaɗiya da aka tabbatar yana ƙara haɗarin otizim ga jaririn da uwarsa ta sha shi da juna biyu. Ana yi wa ɓera mai ciki allurarsa wajen kwana na 12, 'ya'yan kuma su taso ba sa son cuɗanya, suna maimaita motsi ɗaya. Wahalar ita ce sanin ranar da cikin ya shiga. Kullum da sassafe sai ka duba matan ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren kwana biyu ya isa ya ɓata aikin wata uku.

Akwai abin da ke damuna ƙwarai, kuma a nan zan ɗan tsaya. Ana yi wa ɓera allurar sikofolamin, ya rikice na 'yan sa'o'i, sai a rubuta a bangon kundi cewa an yi binciken cutar Alzheimer. Sikofolamin toshe saƙon asetilkolin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen tunawa, kawai yake yi na ɗan lokaci. Ba ya tara furotin amiloyid da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai Alzheimer, ba ya kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da ya fita jiki ɓera ya dawo garau. Haka sinadarin alminiyam da ake ɗura wa ɓera: gubar ƙarfe kake nazari, kuma wannan ma bincike ne mai daraja in ka kira shi da sunansa. Ganyen da ya rage mantuwar sikofolamin bai zama maganin Alzheimer ba. Na sha ganin labarin irin wannan ya fita daga kundi ya shiga bakin masu tallan magani a tasha, iyalan tsofaffin da ke fama da mantuwa su ne ke biyan kuɗin.

Sai maganar zafi, wadda ba a cika sa ta a kasafi ba. Ɗakin ɓeraye ana so ya tsaya tsakanin digiri 20 zuwa 26, da haske awa 12, duhu awa 12. A Kano ko Sakkwato watan Afrilu yakan haura 40. Wata shekara wata ɗalibata ta zo da safe bayan an kwana biyu ba wuta, janareta kuma ba mai. Ta tarar da ɓerayenta kwance sun baje ciki a kan dusar katako, bakinsu jiƙe da miyau, wasu sun riga sun sanƙare. Mako na biyar take cikin gwajin mako shida. Ta zauna a bakin ƙofa ta kasa magana. Waɗanda suka rayu ma ba su da amfani ga awo, domin zafi shi kansa yana canza hali da sinadaran ƙwaƙwalwa. Tun daga ranar nake cewa kuɗin sanyaya ɗaki yana cikin farashin ɓera.

Ƙaramin ɓera mai sauyayyen ƙwayar gado shi ne na masu hali. Akwai 5xFAD na 2006 da ke fara tara amiloyid tun yana wata biyu, akwai SOD1 na 1994 don cutar shanyewar jijiyoyin motsi, akwai R6/2 na 1996 don cutar Huntington, ta gado mai lalata ƙwaƙwalwa. Da irinsu aka yi abin mamaki a 2007, lokacin da ɗakin gwajin Adrian Bird a Edinbara ya sake kunna ƙwayar gado ta Mecp2 a ɓerayen da suka riga suka kamu da cutar Rett, cutar ƙwaƙwalwa da ta fi kama 'yan mata ƙanana, alamomin suka ja baya. Amma ɓeran Fmr1 na 1994 ya ba da fata mai yawa kan wasu magungunan cutar Fragile X, ta gado mai tauye kaifin hankali, aka kai su jikin mutane ba su yi aiki ba. Kuma 5xFAD an gina shi ne a kan nau'in Alzheimer na gado mai zuwa da wuri, wanda bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na masu cutar ba. Sayensa daga wuri irin Jackson Laboratory a Amurka da dala ne, ga kuɗin jirgi, ga izinin hukumar killace dabbobi da ta kula da halittun da aka sauya wa ƙwayar gado, ga gwajin ƙwayar gado na PCR ga kowane ɗa da aka haifa don sanin wanda ya gaji sauyin. In babu tallafin bincike mai kauri da ɗaki mai wuta dare da rana, shawarata ka nemi haɗin gwiwa da masu shi, su turo maka yankan ƙwaƙwalwa.

Wanda nake so ɗalibanmu su daina rainawa shi ne ƙudan Drosophila, ɗan mitsitsin nan mai jan ido da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro. Daga ƙwai zuwa baligi kwana 10 ne a digiri 25, tsufansa kuma wata biyu zuwa uku, ga mai binciken cutar tsufa wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, tunda ɓera sai ka jira shi kusan shekara biyu. Kimanin kashi 75 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon da ke jawo cuta a mutum suna da takwara a jikinsa. A shekarar 2000 Feany da Bender suka sa masa furotin alfa-sinukilin na mutum, ya rasa ƙwayoyin dofamin, ya kasa hawa. A ƙuda ne kuma aka gano a 2006 cewa PINK1 da parkin, ƙwayoyin gado biyu na Parkinson, layi ɗaya suke aiki. A 2024 an kammala taswirar ƙwaƙwalwarsa gaba ɗaya, ƙwayoyi kusan 140,000.

Abincinsa garin masara ne da yis da sukari da agar. Gwajin hawan kuwa ko a tebur ɗaya ana yi: ka zuba ƙudaje goma a kwalba doguwa mai layi a jiki, ka buga gindinta a tebur su zube ƙasa, ka danna agogo. Lafiyayyu nan take za su rarrafa sama. Marasa lafiya za su yi ta zamewa a gindin kwalba. Wayarka ta isa ɗaukar bidiyon. Ƙudaje dubu za su zauna a ƙaramar inkubeta da sola da batir za su riƙe, kuma lallai sai da ita, domin da zafi ya kai 30 mazan kan daina haihuwa. Ana samun jinsuna daga rumbun Bloomington a Indiyana, a gida kuma akwai cibiyar horo kan Drosophila a Ibadan, ga cibiyar BioRTC da Mahmoud Bukar Maina ya kafa a Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, inda ake horar da matasa kan binciken ƙwaƙwalwa. Raunin ƙuda: ba a daskarar da shi a ajiye, sai ka riƙa sauya masa kwalba duk 'yan makonni ko da hutu ne. Ba ka da tabbacin yawan maganin da kowane ƙuda ya ci a abinci. Ba zai nuna maka abin da magani zai yi wa hanta ko ƙodar mai shayarwa ba.

Kifin zebra shi ya fi dacewa da yanayinmu, don ruwan digiri 28 yake so. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon mutum suna da takwara a jikinsa, mace kan zuba ƙwai ɗaruruwa, 'ya'yan kuma garai-garai suke, kana ganin ƙwaƙwalwa tana ginuwa a madubin ƙara girma. Ga farfaɗiyar yara ya yi suna: a 2013 da shi aka tace magunguna don cutar Dravet, wani nau'in farfaɗiya mai tsanani. Amma yana sake tsiro da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu, wanda ke rikita binciken cutar lalacewa, kuma famfon iska da tsabtar ruwa ba sa jiran a dawo da wuta. Kada ka saya wurin masu kifin ado. Ba ka san asalinsa ba.

Tsutsar C. elegans milimita ɗaya ce, ƙwayoyin jijiyarta 302, takwas daga ciki na dofamin, ranta mako biyu zuwa uku, kuma ana daskarar da ita. Ta fi kowa araha, amma tana son digiri 20 da madubi mai kyau, halayenta kuma kaɗan ne. Biri ban sa shi a lissafin ɗalibi ba. Gafiya kuwa masana a Ibadan da Zariya sun yi aiki a kan tsarin ƙwaƙwalwarta, sai dai wadda aka kamo daga daji ba ka san shekarunta ba, ba ka san abin da take ɗauke da shi ba. Ɓeran gida ma kada ka kusance shi, wani jinsinsa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa.

Dalili guda da ya sa nake matsa wa ɗalibai su koyi ƙuda: cututtukan nan ba lallai su zo mana yadda suka zo wa Turawa ba. Binciken Ibadan da Indiyanafolis da aka fara a 1992 ya nuna ƙwayar gado ta APOE4 ba ta da ƙarfin jawo Alzheimer a Yarabawa kamar yadda take da shi a Turawa. A 2023 an gano wani sauyi a ƙwayar GBA1 da ke ƙara haɗarin Parkinson a 'yan Najeriya. Ɓerayen da ke kasuwar duniya ba a kan irin waɗannan aka gina su ba, kuma ƙuda da kifi su ne hanya mafi sauƙi da za mu gwada namu da kanmu.

In tambayarka ta ƙwayar gado ce, ko kana da ganyaye goma kana son sanin wanne ya cancanci a bi, fara da ƙuda, ka kai ɗaya ko biyun da suka yi fice ga ɓera. Wannan ya dace da ƙa'idar Russell da Burch ta 1959 ta musanyawa da ragewa da sauƙaƙa wa dabba, kwamitin ɗa'a ma zai fi saurin sa maka hannu. In ginuwar ƙwaƙwalwa ko farfaɗiya ce, kifi. In hali ne mai sarƙaƙiya ko tiyata, babban ɓera.

Ranar sayen ɓeran kuma, ka je da kanka. Ka nemi ranar haihuwa a rubuce, kada ka yarda da nauyi kaɗai, don tsohon ɓera mai yunwa da matashi mai ƙoshi sukan yi nauyi ɗaya. Ka tambayi yaushe aka shigo da sabon jini gidan, domin garken da ya daɗe yana auren zumunci sunan Wistar kawai ya rage masa. Ka duba gashi, da ido, da hanci, da ƙasan jela. Ka saya duka a wuri ɗaya rana ɗaya, maza da mata in tsarin bincikenka ya ba da dama. Ka ɗauko su da asuba, a kujerar baya mai iska, kada a sa su a but, da yankan kokwamba a keji saboda ƙishirwar hanya, sannan ka bar su su huta mako ɗaya zuwa biyu kafin allurar farko.