Yaya, ga yadda muka shirya auta shiga lakwal a Liyon

Yaya, ina gaishe ki da mutanen gida duka a Tawa. Kin ce ɗanki ya cika shekara 4 bakinsa bai buɗe ba, kuma ana ta ce miki ki bar shi, jinin gidan ne. Haka aka ce mini a kan auta, na kuwa ɓata wata shida ina jira.

A nan Faransa, tun 2019 dole ne yaro ya shiga lakwal yana shekara 3, ko yana magana ko ba ya yi. Likitan yara ya tura mu cibiyar CAMSP, wadda ke duba yara daga haihuwa zuwa shekara 6, ba a biyan ko dala. Abin da suka fara yi shi ne awon kunne. Daga baya muka cike takardun MDPH, ofishin da ke kula da masu buƙata ta musamman, aka ba shi mataimakiya mai zama kusa da shi a aji. Wannan kam babu irinsa a gida, kuma yana ci mini rai. Sai dai mai koyar da magana wuyar samu gare ta, mun daɗe a layi kafin a kira mu.

Cikin jiran nan na sayi katunan hotuna na Yuro 20, wajen jika 13 ke nan: kofi, takalmi, makewayi, ƙofar aji. Kowace safiya in jera su a kan tabarma, ya ɗauko ɗaya ya miƙo mini. Ranar da ya ɗauko hoton kofi ya ce "ruwa", sai da na zauna a ƙasa na yi kuka. Ke ba sai kin saya ba. Ɗauki hoton modarsa da butarsa da waya, mai hoto ya wanke miki, zai ma fi gane nasa.

Kina kuma da abin da kuɗi ba su saya mini ba: tsakar gida cike da yara. Auta in ba lakwal, a ɗaki yake wuni, daga ni sai shi.

Kafin Oktoba ki kai shi Yamai a auna kunnensa. Ki riƙa bi da shi ta ƙofar lakwal ɗin da safe, ki gabatar da shi ga madam tun ajin babu kowa. Kuɗin mota zan aiko ƙarshen wata.